Mabiyiyar da Ta Sha Gaba

Litinin, 4 ga Yuli 1977, bayan azahar. Gwandu.

Sikelin Likita Lukuman ya sake ƙin aiki. Na ɗora mabiyiyar matar da ta haihu da safe, allurar ta tsaya cak kamar auduga na ɗora. Na buga shi, na girgiza shi, sai da na zage shi sannan ya motsa. Ni Hadijatu, da na yi karatun ungozoma don in karɓi 'ya'yan mutane, yau ga ni na koma awon nama.

Tun farkon damina likitan ya ɗora mini wannan aiki. Bincike yake yi a babban asibiti, wai so yake ya gano abin da ke sa 'ya'yan damina suke zuwa ƙanana. Duk wadda ta haihu a ɗakin haihuwarmu, in auna mabiyiyar, in yanki ɗan guntu kamar ƙwayar gyaɗa, in jefa a kwalbar ruwan maganin nan mai sa hawaye, in miƙa wa dangi sauran su je su binne. Ran Laraba ya zo da Landirobarsa ya kwashe kwalabe ya yi gaba. Ni ake bari da kakanni.

Kakar ta yau ta shimfiɗa mabiyiyar a tafin hannunta kamar mai sayen ƙyalle, ta juya ta, ta sake juyawa, ta ɗago ta dube ni.

"Malama, ina sauran?"

Na yi bayani har miyau ya ƙafe mini. Ta rufe ƙwaryarta ta fita ko sallama babu.

Bawa, mijin ƙanwata Hajjo, ya aiko daga Kalgo. Wai ta ga jini ran Asabar, ga ta da tsohon ciki. Wai ba ciwo, kuma ya tsaya. Ya haɗo da busasshen kifi.

Kananzir ɗin firij ma ya kusa ƙarewa.

Laraba, 6 ga Yuli, da hantsi.

Likita ya zo. Mutumin Ilori ne, a Zariya ya tsinci Hausarsa, kuma bai tsince ta duka ba. Tun daga bakin ƙofa ya ɗaga murya, "Sista, mahaifa nawa ka tara mini?" Matan da ke zaune a benci suka kalli juna, wata ta dafe mararta. Na sha gaya masa a nan in ya ce mahaifa, cikin mace suke ji. Sai dai ya ce mabiyiya. Ba ya ji.

Sai da ya sake yi mini wa'azinsa. Wai mabiyiya ita ce kasuwar jariri, ita ce rijiyarsa, ita ke yi masa numfashi. Wai ya duba guntayen nan a madubin likita ya ga ƙwayoyin masassara sun cushe wasu, shi ya sa abinci ba ya isa ga yaro. Yana magana idonsa na ƙyalli. Ban taɓa ganin mutumin da ke son abin da kowa ke ƙyama kamarsa ba.

Da yana jera kwalabe na ce, a misali, in wata mata mai cikin fari, wata na takwas, ta ga jini ba tare da ciwo ba fa?

Ya ajiye kwalbar. "Wane mata?"

Na ce wata dai.

Ya ce, "Kada kowa ya sa mata hannu. Kowa. Ka kawo ta."

Kamar ban sani ba. Na sani tun ran Litinin.

Jumma'a, 8 ga Yuli, da la'asar. Kalgo.

Surfe na tarar tana yi. Surfe! Da taɓarya, da gumi, da ciki har baki. Na fizge taɓaryar na jefar, ta yi dariya ta ce, "Adda, ai ya tsaya."

Na kwantar da ita a tabarma na laluba. Kan yaro yana can sama yana yawo, bai sauko ƙugu ba, ya kuma ɗan karkace. Wani abu ya tare masa hanya. Na ɗora ƙahon sauraro, zuciyarsa tana bugawa lafiya lau, shi ko a jikinsa. Hajjo tana kallon fuskata, ni kuwa na yi ta yi mata faɗan ƙazantar farce.

Bawa yana bayan zana yana tari don a san yana nan. Mutumin kirki ne, amma in magana ta yi nauyi sai ya je ya ɗauko kifi. Na ce masa gobe da safe asibiti, kuma ba za ta fito ba sai ta haihu. Ya ce to. Ya sake cewa to. Sannan ya ce sai dai Inno, mahaifiyarmu, ta aiko, gobe za ta zo ta ɗauke ta goyon ciki zuwa Dodoru.

Dodoru! Inda in an yi ruwa mashigi ke cika, ko jaki ba ya ƙetarewa.

Asabar, 9 ga Yuli, bayan magariba. Kalgo.

Inno ta haife ni, Allah Ya sani ina ƙaunarta, amma yau na so in ɗora hannu a ka in yi ihu.

Da yake ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, ba ta duban fuskata. In za ta yi mini magana sai ta yi wa bango, ko Hajjo, ko kaza. Haka muka yi gardamar duka: ni ina yi mata, ita tana yi wa randa.

Na ce mabiyiyar Hajjo ba ta zauna inda ya kamata ba, ta sauko ƙasa ta rufe ƙofa, tana gaban yaro. In naƙuda ta tashi ita za ta fara ɓallewa, jini kuwa ba zai tsaya ba.

Inno ta ce wa randa, "A tambayi wagga, mi sunan abin?"

Na ce mabiyiya.

"To mi mabiyiya ka yi? Bi. Ɗa shi hito, ta biyo. Haka ga mutum, haka ga saniya, haka ga akuya. Na haihu, na karɓi haihuwa, ban taɓa ganin wadda tay yi gaba ba. Sai yau da anka samu kwalabe."

Ashe labarin ya kai Dodoru. Ta ce an faɗa mata ina yankan na mutane ina sayar wa baƙo, yanzu na mutane sun ƙare na waiwayo na gida. Na rantse, na sake rantsewa. Na nemi Bawa ya sa baki, aka ce tun da ya ji sallamar surukarsa ya ɗauki taru ya nufi gulbi.

Daga nan ta kawo zancen bara waccan. A gaban Hajjo. Ba zan rubuta ba.

Lahadi, 10 ga Yuli, da safe.

Sun tafi. Hajjo ta ɗaga mini hannu daga bayan mota kamar biki za ta.

Litinin, 11 ga Yuli, da azahar. Gwandu.

Ranar awon ciki ce, benci fayau. Na share ɗaki, na wanke almakashi, na sake wankewa. Hadari ya haɗu ta gabas, wajen Dodoru.

Laraba, 13 ga Yuli, bayan azahar.

Na gaya wa likita ko wace mata ce. Ya hau ni da faɗa kamar ni na ɗauke ta. Wai mu shiga mota yanzu mu ɗauko ta. Na ce, Likita, in ka je Dodoru da motar nan mai ƙarar kwalabe, Inno za ta shige daji da ita bayan shanu, sai kaka mu gan su.

Sai ya zauna ya zana mini hoto a bayan ambulan ɗin wasiƙa, wai in nuna wa Mama. Yana zane yana ta bayani: wai tun makonnin farko, tun mace ba ta san tana da ciki ba, mabiyiya ke zaɓen mazauninta ta kafa saiwa, kuma har yau babu wanda ya san abin da ke sa wata ta zaɓi ƙasa. "Shi ne nake nema, Sista."

Na ce kai shi kake nema, ni ƙanwata nake nema. Na ga abin ya taɓa shi. Ban ba shi haƙuri ba.

Hoton ya yi kama da kabewa da ta haɗiye kwaɗo. In na nuna wa Inno wannan, ruwan rubutu za ta nema mini.

Asabar, 16 ga Yuli, da yamma. Dodoru.

Mota ta sauke ni a mararraba, na taka da ƙafa, ruwan mashigi ya kai mini gwiwa.

A hanya na yi wata dabara da na ga kamar ta fi ta likita. Na ɗauki tulu na jefa goruba a ciki, na cusa tsumma a wuyansa, na kife shi a gaban Inno da aminiyarta Laraba, ungozomar ƙauyen. Na ce ga ciki, ga yaro, ga mabiyiya. Ta ina zai fito?

Suka duba da kyau. Har na fara jin daɗi. Sai Laraba ta miƙa yatsu biyu ta zare tsumman, goruba ta faɗo ƙasa tim.

"Ga shi nan," in ji ta. "In ma gaskiya ta, hannu za ni sawa in ja ta gehe."

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na ce wallahi, Baba Laraba, ranar da kika sa mata yatsa ɗaya, ranar za a yi mata wanka. Na faɗa da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo. Laraba ta yi fushi ta tafi. Inno ta ce wa tulun ba a taɓa yi mata baƙin baki a gida ba sai yau.

Ni da na zo gyara, na koya musu inda za su sa hannu.

Lahadi, 17 ga Yuli, da hantsi. Dodoru.

Na zaga bayan bukka na ga zannuwa a shanye a kan ƙaya, inda ba a shanya. An wanke su da toka sosai. Jinin bai fita duka ba.

Na shiga na sami Hajjo a kwance. Na ja fatar idonta, ta yi fari. Ta ce ran Alhamis ne, ya fi na farko, Inno ce ta wanke da kanta ta hana a faɗa mini. Yau ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Adda, ba sunan ne ya dame ta ba. Ina jin ta tana magana ita kaɗai wajen tatsa. Cewa take mabiyiyarki ta bara waccan ba a ba ta ba. Wai da an kawo mata ta wanke ta binne yadda ya kamata, da kin sake samun ciki, da kina ɗakinki har yanzu. Ta ce ɗaya ta isa."

Na ce mata ta rufe mini baki ta sha kununta.

Na fita na tsaya wajen maruƙa har rana ta yi zafi. A can garin da muka zauna da Usman, mijina na da, ranar da na haihu, na dai tuna wata mata ta fita da ita a bokiti. Ban tambaya ba. Ba na cikin hayyacina, kuma babu jaririn da ke kuka a ɗakin da zan ce a miƙo mini.

Na ce ba zan rubuta ba.

Talata, 19 ga Yuli. Gwandu.

An yi ruwa. An sake yin ruwa.

Alhamis, 21 ga Yuli, bayan la'asar.

Na rufe ɗakin haihuwa na koma Dodoru da sassafe. Duk mai son kai ƙarata ya kai. Ruwa ya kai ƙugu.

Na sami Inno a garke tana tatsa. Na durƙusa ta ɗaya gefen saniyar, yadda ba sai ta wahalar da kanta wajen kau da ido ba. Ban kawo tulu ba, ban kawo hoto ba. Na ce, Inno, in kin bar Hajjo ta je asibiti, ni zan kawo miki mabiyiyar da hannuna.

Nono ya ci gaba da zuba a ƙwarya. Can ta ce wa saniyar, "Cikakka?"

Na ce cikakka.

"Ba yanka, ba ɓantara, ba kwalba?"

Na ce babu.

"Ga hannuna?"

Na ce a hannunki.

Ta tatse nonon tas, ta saki maraƙi, ta miƙe. Ta ce ita ma za ta, kuma ba za ta kwana a gidan suruki ba, gindin itace ya ishe ta. Ko kalmar "na yarda" ba ta fito daga bakinta ba. Duk wahalar da na sha da bayani, ashe alkawari kawai ake jira.

Na aika wa likita da Bawa.

Asabar, 23 ga Yuli, da yamma. Kalgo.

Landiroba ta tsaya a wancan gefen mashigi, direba ya ce ko da bindiga ba zai shiga ba. Ruwa ja, yana gudu da kara da ciyawa.

Sai ga Bawa da 'yan'uwansa masunta. Ban taɓa jin muryarsa da ƙarfi ba sai yau. Ya sa aka cire ƙyauren wani zaure, aka kwantar da Hajjo a kai, suka ɗaga ta sama da kawunansu suka shiga. Yana gaba yana laluben ƙasa da ƙafa yana ba da umarni, "Hagu! A hankali! Kar wanda ya yi sauri!" Ruwa har ƙirjinsa. Ni ina baya ina salati ina zaginsu a lokaci guda.

Da aka ƙetare ya waiwaya ya ga Inno a gaɓa da sabuwar ƙwarya a ka, an rufe da faifai. Nan take ya koma Bawan da na sani, ya sunkuyar da kai ya rasa inda zai sa kansa. Ita kuwa ta tattare zane ta shiga ruwan ita kaɗai, ta ƙi hannun kowa, ƙwaryar ko motsi ba ta yi ba.

A babban asibiti an ba Hajjo gado kusa da taga. An hana ta sauka ko da fitsari ne. Ni a gidan Bawa zan riƙa kwana, da safe in bi motar kasuwa.

Litinin, 25 ga Yuli, da azahar.

Na san za a rina. Likita ya kira ni ɗakin kwalabensa, yana murza hannu. Wai tun da ya fara binciken bai sami irin wannan ba, wai ɗan guntu kaɗan daga gefen da ya rufe ƙofa zai nuna masa abin da littafi bai faɗa ba, wai don matan gaba ne.

Na ce a'a.

Ya dube ni. Ni ce fa na shafe damina ina yi wa kakannin mutane wannan karatun, kalma da kalma. Bai tuna mini ba, shi ya fi ba ni haushi.

Na gaya masa alkawarin da na yi. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Sista, ka yi alkawarin abin da ba naka ba. In tana ta gaba, inda zan buɗe, wuƙa ta kanta zai bi kafin in kai ga yaro. Ba zan tsaya lallashinta ba jini yana zuba."

Na ce na sani.

Ban sani ba. Wato na sani a aji, ban tuna ba a garke.

Alhamis, 28 ga Yuli, da la'asar.

Inno ta kafa zama a gindin dalbejiyar da ke fuskantar tagar Hajjo. Masu gadi sun kore ta sun gaji. Ƙwaryar tana kan cinyarta, da za ta yi salla sai ta ajiye ta a gabanta. Duk ma'aikaciyar da ta wuce da bokiti sai ta bi ta da ido har ta ɓace.

An ce a tanadi jini. Na bayar. Bawa ya bayar, ya tashi ya yi taku kaɗan ya zube a baranda, da ya farfaɗo ya tambaya ko Inno ta gani. An ce ta gani. Ya tafi gida ya dawo da kifi, ya raba wa ɗakin mata duka. Yanzu ɗakin ƙarni yake, babbar sista ta ce in ja wa dangina kunne.

Hajjo ta gaji da kwanciya, ta fara rashin kunya. Wai fura take so, wai filon yana wari, wai na cika ɗaure fuska. Likita ya ce kowace rana da yaron ya ƙara a ciki riba ce. Ni kuwa duk lokacin da na shiga, zanin gadon nake fara kallo kafin fuskarta, kuma ta lura.

Lahadi, 31 ga Yuli. Kalgo.

Na kai wa Inno tuwo. Na zauna kusa da ita da niyyar in faɗa mata zancen wuƙar. Ta ce wa kwanon miyar ta yi gishiri. Na tashi.

Talata, 2 ga Agusta, da hantsi.

Sun shiga da ita ɗakin tiyata. Har ƙasa jinin ya zuba, na taka shi. An hana ni shiga, wai ni 'yar'uwa ce.

Talata, da azahar.

Mace. 'Yar mitsitsiya, amma tana tsala kuka.

Hajjo ba ta farka ba. Ana ƙara mata jini. Leɓenta kamar toka.

Talata, bayan la'asar.

Ta buɗe ido. Abin da ta fara cewa shi ne wa ya ɗauke mata ɗankwali. Na ce Allah Ya shirye ki, na fita baranda na yi kukan da na daɗe ina riƙewa, har wata mai jinya ta zo tana ba ni haƙuri ta ɗauka rasuwa aka yi.

Inno ta shiga ɗakin karo na farko. Ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafar Hajjo. Ta turo ƙwaryar wajena da gefen hannu.

Na je ɗakin wanke kaya na tarar da mabiyiyar a tasa. Gida uku. Likita ya bi ta tsakiyarta da wuƙa kamar yadda ya faɗa, sauran kuma ya ɓanɓaro da hannu. Na tsaya ina kallonta. Wannan abin ne ya ciyar da yarinyar wata da watanni, shi ne kuma ya kusa kashe mini ƙanwa, ban san ko in gode masa ko in tofa masa miyau ba.

Na ɗauko allura da zaren ɗinkin fata na fara haɗawa. Abin yana da laushi kamar hanta, ina ja yana yagewa. Na yi tsaki ya fi a ƙirga.

Ban ji shigowar likita ba. Rigar aikin tana jikinsa, duk jini, idonsa ya yi zuru-zuru. Na jira ya ce tun da ta riga ta yage, guntu ɗaya ba zai ɓata komai ba. Na shirya amsar da zan ba shi, mai zafi.

Ya ce, "Ba haka ba. Ta bayan fata za ka bi. Kawo."

Ya ja kujera ya zauna ya ɗinke ta. A hankali, ƙanana-ƙanana, kamar yadda yake ɗinke mai rai. Wani ɗan guntu ya maƙale a gefen tasar, daidai irin wanda yake so, ya ɗauke shi da hantsaki, ya juya shi a haske ya daɗe yana kallo. Sannan ya nemo gurbinsa ya mayar. Ko awo bai ce a yi ba.

Laraba, 3 ga Agusta, da hantsi. Kalgo.

Bawa ya haƙa ramin tun da asuba a bayan ɗakin Hajjo, ya gudu. Inno ta shiga gidan suruki yau, don wannan kawai.

Na miƙa mata ƙwaryar a hannunta. Ta zauna a kan turmi ta buɗe faifan, ta zuba ruwa ta wanke, ta shimfiɗa ta a tafin hannu. Ina tsaye kamar mai jiran hukunci. Ta juya ta. Ta bi layin da ɗan yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ta dawo ta bi na biyu. Na buɗe baki in fara bayani.

Ta ce wa ƙwaryar, "Wanga ba hannun wagga ba na. Ko bakin zane ba ta iya kalmasawa ba."

Na ce likita ne.

"Mai kwalabe?"

Na ce shi.

"Bai ɗauki komi ba?"

Na ce ki duba.

Ta ce ta duba.

Ta naɗe ta a farin ƙyalle, ta durƙusa ta sa ta a ramin, cibiya tana sama, ta yi bisimilla ta fara tura ƙasa. Na durƙusa ina taya ta. Muka danne da tafin hannu, ta ɗora dutse. Na ɗauka an gama, har na fara karkaɗe zanena.

Ba ta tashi ba. Hannunta yana kan dutsen. Ta ce, ba wa dutsen ba, ba wa bango ba, "Da irin likitan ga kinka samu bara waccan."

Na ce, eh, Inno.

Muka zauna a nan, a jiƙaƙƙiyar ƙasa, babu wadda ta iya tashi.